Hutun jirgin ruwa ko na tudu: a gaya wa mutane cikakken lissafi

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Dan Allah a ɗan ba ni fili in yi magana kan wannan sabon yayi da ya shigo mana na hutun jirgin ruwa, wanda yanzu in ka buɗe Facebook ko TikTok ko ka leƙa WhatsApp sai ka ci karo da tallansa, wai kwana bakwai a teku, ƙasa huɗu ko biyar, ci da sha duk a ciki, kuma ka biya kaɗan-kaɗan. Da can sai 'yan Legas da Abuja muke jin suna zancen, yanzu har nan Jos maganar ta iso, mata na tambayar juna a gidan biki, amare na sa angwaye a gaba wai can za a je cin amarci. Ni ban ce kowa ya zauna a gida ba, wanda Allah ya hore wa ya je ya huta, jiki ma yana da haƙƙi a kanmu. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu tallan nan rabin magana suke faɗa, ragowar rabin sai mutum ya riga ya zuba kuɗinsa yake ji.

Kuɗin da kake gani a talla kuɗin ɗaki ne na mutum ɗaya, da sharaɗin ku biyu ne a ɗakin, kuma yawanci ɗakin ciki ne wanda ko taga babu. Sannan jirgin ba Apapa zai zo ya ɗauke ka ba fa. Manyan jiragen nan daga Basalona suke tashi, ko Jenowa, ko Dubai, ko Miyami, ko Daban ta Afirka ta Kudu, kai za ka kai kanka can. Mu na Jos sai mun fara gangara Hawan Kibo, mu bi Akwanga da Keffi, mu sha gosulon Mararraba kafin ma mu ga filin jirgin Abuja, sai tikitin jirgin sama zuwa da dawowa wanda sau da yawa ya fi kuɗin jirgin ruwan kansa, kuma dole ka isa kwana ɗaya kafin ranar tashi saboda jirgin ruwa ba ya jiran kowa, ka ga kuɗin otal ya shigo kenan.

Ga kuma biza, wadda ita ce babbar rigimar. Mai koren fasfo in tekun Bahar Rum zai je sai ya nemi bizar Shengen ta shiga ƙasashen Turai, kuɗinta ya koma Yuro 90 tun watan Yunin 2024, ban da na masu karɓar takardu, kuma in an hana ka ko kwabo ba za a maida maka ba. Amurka kuwa a watan Yulin 2025 ta mayar da yawancin bizar ziyara ta 'yan Najeriya ta wata uku mai shiga sau ɗaya tak, alhali jirgin da ya tashi daga Miyami ya je Bahamas ko Meziko ai Amurkar zai sake shigowa da kai. Wane mai talla ne ya taɓa zaunar da kwastoma ya yi masa wannan bayanin kafin ya karɓi kafin alƙalami? A cikin jirgin ma akwai kuɗin ma'aikata da manyan kamfanoni ke ɗorawa kowace rana a kan kowane fasinja, wajen dala 16 zuwa 20, lemon kwalba da kuɗi, intanet da kuɗi, motar da za ta zaga da ku gari in an tsaya da kuɗi, kuma duk da dala ko Yuro, kowa kuma ya san inda Naira ta koma tun da aka sake ta a watan Yunin 2023.

Ƙanwata da mijinta sun je irin wannan hutu a Bahar Rum, da suka dawo ta nuna mini takardar lissafin da aka ba su daren sauka. Tun ranar shiga ake ba kowa wani ɗan kati, shi ne makullin ɗaki shi ne kuma jakar kuɗi, ba ka ƙirga komai da hannunka, miƙawa kawai kake a goga. Yaro ya ga abin sha ya miƙa, an ɗauke ku hoto a bakin matakala kun ce a wanke an goga, ita ta shiga wajen gyaran jiki an goga, babu wanda ya ji zafin komai sai da takardar ta fito shafi-shafi. Ta ce Yaya wallahi ban san mun ci wannan kuɗin ba.

Amma ni ba kuɗin ne ma ya fi tsaya mini ba, wannan zancen na ƙasa biyar ne. Jirgi kan tsaya da safe ya tashi da yamma, awa bakwai ko takwas kenan a hannunka, a ciki za ka bi layin sauka, ka nemi mota, ka kuma dawo da wuri dan kar a tafi a bar ka. Wanda aka ce masa zai ga birnin Rum na Italiya, tashar da jirgi ke tsayawa Cibitabekiya take, wajen kilomita 80 daga birnin, sama da awa ɗaya a hanya zuwa, haka dawowa. Na tambayi ƙanwar tawa me ta gani a Rum ta ce ta ga Kolosiyam, tsohon filin wasan Rumawa, daga waje, sun yi hoto, mai jagora na ta ɗaga tuta yana cewa a yi sauri. Ba ta ci abincin garin ba, ba ta shiga kasuwa ba, ba ta yi hira da ɗan gari ko ɗaya ba. Wannan kamar wanda motarsa ta tsaya shan mai a Zariya ne ya dawo yana cewa ya san Zazzau. Su kansu mutanen garuruwan sun fara gajiya da baƙin da ke sauka dubbai lokaci guda su cika titi su koma jirgi su ci abincin dare, Italiya ma ta hana manyan jiragen shiga tsakiyar Benis tun watan Agustan 2021.

Gaskiyar magana jirgin shi ne wurin hutun, garuruwan ƙari ne. Icon of the Seas na kamfanin Royal Caribbean da ya fara aiki a Janairun 2024 tsawonsa ya kai wajen mita 365, yana iya ɗaukar fasinja har 7,600 ban da ma'aikata sama da 2,000, gari ne guda a kan ruwa. Wanda abin da yake so kenan, ya ci ya ƙoshi, yara su yi wasan ruwa, da daddare a kalli wasanni, to madalla ya samu. Sai dai ya sani a yawancin jiragen akwai gidan caca da mashaya kusan ko'ina, kuma shigar da ake yi a bakin wurin wanka ba kowane magidanci ne zai so ya zauna da 'ya'yansa mata a wurin ba, wannan kuwa ba Musulmi kaɗai ba, na san iyalai Kiristoci da yawa a nan Filato da ba za su yarda ba. Ga neman naman halal, ga alƙibla da ke juyawa duk sanda jirgi ya karkata. Wanda ya nace sai teku ya bincika jirgin Aroya na Saudiyya da ya fara tashi daga Jidda a Disamban 2024, shi dai an tsara shi ba giya ba caca, akwai wurin sallah.

Ba zan tauye wa jirgin ruwa haƙƙinsa ba. Ga dattijo mai ciwon gwiwa ko mai keken guragu ko uwa mai ƙananan yara, samun ɗaki ɗaya da za ka buɗe akwati sau ɗaya ka kwana ka tashi a sabon gari ba ƙaramin sauƙi ba ne. Kuma kar a haɗa shi da kwale-kwalen da ke kifewa da mutanenmu a Neja da Kebbi da Kwara, waɗannan jiragen hatsarinsu kaɗan ne ƙwarai, duk da ba a manta Costa Concordia da ya kife a gaɓar Italiya a Janairun 2012 mutum 32 suka rasu ba, da Diamond Princess da aka killace a Yokohama a Fabrairun 2020 sama da mutum 700 suka kamu da korona a ciki. Mai hawan jini ko ciwon suga ya tuna asibitin jirgi ƙarami ne kuma da tsada, inshora dole.

To amma ga mai albashi ko ɗan kasuwar Taminus ta Jos da ya yi shekara yana tara kuɗin hutu ɗaya shi da iyali, ni tudu nake ba shi shawara, kuma ya zauna wuri ɗaya ya san shi. Daga nan Jos ka tashi bayan asuba ka bi Tilden Fulani da Nabordo, kafin hantsi ya yi nisa kana Bauchi kana karyawa da masa, ka miƙe hanyar Gombe ka karya kwana a Dindima, azahar tana maka a Yankari. Dajin nan tun 1956 aka keɓe shi, kuma yana cikin wurare kaɗan da suka rage da giwayen daji a ƙasar nan. Ruwan Wikki da ke cikin dajin ɗuminsa digiri 31 ne dare da rana, rani da damina, yana fitowa daga ƙarƙashin dutse garai-garai kana ganin yashin ƙasa da yatsun ƙafarka. Ka shiga da sassafe lokacin hunturu tururi na tashi a kansa, birai na zaune a kan reshe suna jiran ka ajiye ledar burodi su wafce, yara na ihu suna dariya, babu mai ɗaga maka tuta ya ce lokaci ya yi. Ɗana ƙarami har yau in an yi zancen giwa sai ya gyara zama ya ba da labarin sawun da mai gadin daji ya nuna masa a laka, ya sa ƙafafunsa biyu a ciki suka shige. Kuma kuɗin da ka kashe direban garinku ne ya ci, da mai masa, da mai tsire, da mai sayar da zuma a bakin hanya.

Abin kunya ma mu 'yan Jos da yawa ba mu san Filato ba. Akwai wanda aka haifa a Gangare ko Anguwan Rogo ya yi aure ya haihu bai taɓa hawa duwatsun Shere ba, bai tsaya a magangarar ruwan Assop ba sai dai ya hango daga mota, bai ga dutsen Riyom ko na Wase ba, gidan tarihin da aka buɗe tun 1952 mai kayan Nok rabonsa da shi tun yawon firamare. Na Abuja kuma ga magangarar ruwan Gurara kusa da su, ga ta Farin Ruwa a Nasarawa. Mai ƙarfin hali ya hau Mambila ya ga gonar shayi da sanyin Gembu wanda ko mu da muke taƙama da sanyi sai mun nemi bargo. Hawan sallar Kano ma UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a Disamban 2024, Turawa na biyan kuɗin jirgi su zo kallo.

In kuma dole sai an buga hatimi a fasfo, Gana da Sanagal ba sa neman biza a wajenmu saboda ECOWAS, Ruwanda ma ta buɗe ƙofa ga 'yan Afirka. Sati guda a Kef Kos ta Gana ko Dakar ko Kigali, ka hau motar haya, ka yi ciniki a kasuwa, ka je Juma'a ko coci da 'yan gari, ya fi maka ƙasa biyar na awa bakwai-bakwai. Mu fa jikokin mutanen da suka tafi Makka a ƙasa ne, ta Chadi da Sudan har bakin Bahar Maliya, wasu shekaru suke yi a hanya suna noma suna sana'a, su dawo da Larabci a baki da sanin mutane, wasu ma can suka zauna zuriyarsu na Sudan har gobe. Doguwar tafiya ba baƙuwarmu ba ce.

Na san abin da za a ce mini, tsaro. Gaskiya ne kuma ba zan ɓoye ba, shi ne ma babban dalilin da ya sa masu hali ke gudu teku. Wanda ya tuna harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna na 28 ga Maris 2022, ko yake jin abin da ke faruwa a ƙauyukan Bokkos da Mangu da Barikin Ladi, ba za ka ga laifinsa ba in ya ce shi da iyalinsa ba za su hau titi ba. Ni kaina ba na tafiyar dare, kuma ba na kama hanya sai na kira wani na can na ji labari. Ga kuma halin ko-in-kula a wuraren namu, na taɓa kwana a wani wurin shaƙatawa na gwamnati da ba zan kama suna ba, famfo ba ruwa sai bokiti, ƙarfe goma aka kashe janareta, gidan sauro duk a yage, ma'aikatan kuwa mutanen kirki sai haƙuri suke ba mu suna cewa ba a turo kuɗin gyara ba. Wannan yana ƙona mini rai matuƙa, dan Allah ya ba mu wuraren mu ne muka yi watsi da su.

Shi ya sa nake roƙon ku Edita, ku tura wakilanku su kwana a waɗannan wurare su rubuto mana abin da suka tarar, nawa ne ɗaki, yaya hanya, akwai ruwa da wuta, akwai jami'an tsaro, wane wata ne ya fi dacewa, su kuma je su tambayi kwamishinonin yawon buɗe ido na Filato da Bauchi da Nasarawa da Taraba ina kuɗin da ake warewa a kasafi ke tafiya. Duk kamfanin da ya kawo muku tallan jirgin ruwa kuma ku ce ya rubuta a fili ko kuɗin ya haɗa da tikitin jirgin sama da biza da kuɗin ma'aikata, kuma me zai faru da kuɗin mutum in an hana shi biza.

Na gode, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Naku,
Mai karanta jaridarku daga Rikkos, Jos