Kada Mu Ɗora wa Matasanmu Manhajar da Ba Za Su Iya Riƙewa Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a wannan jarida domin in yi magana a kan matasanmu masu sha'awar ƙirƙirar wasannin kwamfuta da na waya, musamman ɓangaren da ake sa jarumin wasa ya yi tafiya, ya yi tsalle, ya kai naushi ko ya faɗi ƙasa. Ni malamin kwamfuta ne a nan Sakkwato, kuma da yamma nakan zauna da wasu ɗalibai masu son wannan fanni. Tambayar da suka fi yi mini ita ce wace manhaja za su koya, kuma na lura cewa amsar da suke samu a waje tana jefa da yawansu cikin asara.

Abin da ya tunzura ni na ɗauki alƙalami shi ne halin da wani ɗalibina ya shiga. Mahaifinsa ya sayar da ragon da yake kiwo ya biya masa kuɗin kwas na wata uku a wata cibiya, inda aka koya masa aiki da wata babbar manhaja irin wadda kamfanonin finafinai na ƙasashen waje suke amfani da ita, amma kwafin da aka ba su na sata ne. Da ya koma gida sai ya tarar kwamfutarsa ta hannu, mai ram (wato ma'ajiyar da kwamfuta take riƙe aikin da take kai) gigabait 4, ba ta iya buɗe manhajar, kuma da ya tambayi farashin ta halak sai ya ji kuɗin hayar shekara ɗaya ya ninka kuɗin kwamfutar tasa sau da yawa. Yaron yana da hannun zane, amma ya yi wata shida bai motsa ko yatsan jarumi ɗaya ba.

Abu na farko da ya kamata iyaye da malamai su tambaya shi ne, mallakar manhajar za a yi ko hayarta. Manhajoji irin su Maya ta kamfanin Autodesk da Animate ta kamfanin Adobe haya ake biya, wata-wata ko shekara-shekara, kuma da dala. Kafin watan Yuni na 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin hukuma, amma a 2024 ta haura naira 1,500. Wanda ya ɗauki haya irin wannan bai san abin da za a nema a hannunsa baɗi ba, kuma ranar da ya kasa biya ƙofar aikinsa za ta rufe. Har ila yau mai kaya yana iya sauya sharaɗi a tsakiyar tafiya. A watan Satumba na 2023 kamfanin Unity, mai ɗaya daga cikin manyan injinan haɗa wasanni, wato manhajojin da ake harhaɗa wasa a cikinsu, ya sanar cewa zai riƙa karɓar kuɗi a kan kowane saukewa da aka yi wa wasan da ya kai wani mataki na ciniki, kuma sai da masu ƙirƙirar wasanni a duniya suka tayar da ƙura kafin ya sassauta, sannan ya soke tsarin gaba ɗaya a Satumba na 2024. Idan manyan kamfanoni sun girgiza da wannan, ina ga yaron da yake aiki a ɗakin mahaifiyarsa a Mabera ko Runjin Sambo?

Saboda haka nake ganin manhajojin kyauta, waɗanda aka buɗe asalin rubutunsu ga kowa, su ne daidai ruwa daidai tsaki a gare mu. Babbar cikinsu ita ce Blender. Wani mutumin Holan mai suna Ton Roosendaal ne ya ƙirƙiro ta, kuma da kamfaninsa ya durƙushe sai masu amfani da ita suka yi karo-karo a 2002, suka tara sama da yuro 100,000 cikin makonni bakwai, aka fanshe ta aka mayar da ita ta kowa. Da ita ake gina jikin jarumi, a sa masa ƙasusuwa, a motsa shi, a fitar da shi zuwa injin wasa, duk ba tare da biyan ko sisi ba, ko da mutum zai sayar da abin da ya yi. Masu cewa kayan kyauta ba su da inganci su sani cewa fim ɗin katun da ya ci kyautar Oscar a 2025, wanda wani matashi ɗan ƙasar Latbiya ya jagoranta, da Blender aka yi shi.

Sai dai ba zan ɓoye ba, Blender ba ta da sauƙin koyo a makonnin farko, ko da yake an gyara fuskarta sosai tun fitowar ta 2.80 a 2019, kuma sababbin fitowarta suna buƙatar ram gigabait 8 aƙalla. Shi ya sa nake hana ɗalibaina fara wasa mai siffa uku, wato mai tsawo da faɗi da kauri, tun ranar farko. Na fi son su fara da zane shimfiɗaɗɗe a Krita, manhajar zane wadda ita ma kyauta ce, su zana tafiyar mutum a hotuna takwas, su jera su, su gani da idonsu inda ƙafa take taɓa ƙasa da inda jiki yake ɗagawa. Wanda ya gane wannan ya gane tushen sana'ar, domin duk wata manhaja mai tsada wannan aikin take sauƙaƙawa, ba ta koyar da shi. Daga nan sai su kai hotunan cikin Godot, injin wasa na kyauta da wasu 'yan Ajantina biyu, Juan Linietsky da Ariel Manzur, suka saki ga jama'a a 2014. Godot ba ta da nauyi, ba ta cin data mai yawa wajen saukewa, tana aiki a tsofaffin kwamfutoci, kuma a cikinta akwai hanyar yanka zane gaɓa-gaɓa, hannu daban, cinya daban, a haɗa su da ƙasusuwa a motsa. Akwai Spine, wadda ƙwararru suke yabo a wannan aiki kuma sau ɗaya ake sayen ta, amma nau'inta mai arha ba shi da wasu muhimman kayan aiki, don haka ba na ganin dalilin da mai koyo zai fara da ita.

Akwai wani abu da ban taɓa jin masu tallar kwas sun ambata ba, alhali shi ne ya fi shafar mu. Shafin Mixamo na Adobe yana ba da dama kyauta mutum ya ɗora jikin jaruminsa, a sa masa ƙasusuwa cikin mintuna, ya zaɓi gudu ko tsalle daga cikin motsin da aka riga aka tanada. Yana da amfani, ni ma ina nuna wa ɗalibai shi. Amma an gina shi ne a kan mutum mai hannu biyu da ƙafa biyu a fili, kamar mai riga da wando matsattsu. Ranar da wata ɗalibata ta ɗora dattijo mai babbar riga da rawani, sai rigar ta manne wa cinyoyinsa, tana yagewa gida biyu duk lokacin da ya ɗaga ƙafa. Haka abin yake ga mace mai zane da hijabi, balle raƙumi ko dokin hawan salla mai ƙafa huɗu. Sai da ta koma Blender ta ƙara wa rigar nata ƙasusuwan a gefe da gefe, ta zauna tana raba wa kowane ƙashi yankin tufafin da zai ja, kafin dattijon ya yi tafiya irin ta dattawa, yana naɗe hannun riga a kafaɗa. Kuma a cikin dubban motsin da aka tanada a can ba za ka sami tsayuwar ɗan dambe mai ɗaurarren hannu ɗaya ba, ko tsallen ɗan langa riƙe da ƙafarsa, ko yadda 'yan kokawa suke sunkuyawa suna neman kama juna. Duk wanda yake son wasansa ya yi kama da mu, dole ya iya yin motsin da hannunsa, kuma wannan ne babban dalilin da ya sa nake son manhajar da yaro zai zauna da ita shekara da shekaru har ta zama kamar alƙalaminsa.

Sannan a tuna da inda muke. Wuta ba ta tsayawa, data tana da tsada, zafin watan Afrilu yana haura digiri 40, ƙurar hunturu kuma tana toshe fankar kwamfuta. Manhajar da take neman intanet kafin ta buɗe, ko take sa kwamfuta ta yi zafi har ta mutu, ba ta dace da mu ba. Blender da Krita da Godot duk ana iya zuba su a filashi ɗaya, a raba wa aji guda, su yi aiki babu intanet, kuma babu haramci a kwafar su. Shawarata ga duk mai shirin biyan kuɗin kwas ita ce ya je da tasa kwamfutar, ya nemi a sa masa manhajar a kanta, a motsa jarumi ɗaya, a fitar da shi zuwa injin wasa a gabansa, kafin ya ciro kuɗi daga aljihu.

Ina kira ga sassan koyar da kwamfuta na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da Jami'ar Jihar Sakkwato, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, tare da masu horarwa a shirin 3MTT na koyar da matasa fasahar zamani da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023, wanda zane mai motsi da haɗa wasanni suna cikin fannoninsa, da su ba waɗannan manhajoji fifiko a darussansu, kuma su taimaka a samar da bayanin su da Hausa, domin mafi yawan darussan da ke intanet da Turanci suke. Ɗalibin nan da na ambata a farko ya dawo wurina makonni uku da suka wuce, na zuba masa Krita da Godot a kan kwamfutar tasa, kuma yanzu yana kan zana ɗan langa, ya kai hoto na shida cikin takwas.

Na gode da wannan fili da aka ba ni. Wassalam.

Naku,
Wani malamin kwamfuta,
Mabera, Sakkwato.