Ambaliya ta ƙasa take cin gida, ku daina mana zancen kwano

Malam Edita, assalamu alaikum.

Baƙon da kuka kawo a shirinku na rediyo ranar Asabar ya ɓata mini rai, kuma babu wanda ya taka masa birki. Daga farkon shiri har ƙarshe maganarsa ɗaya ce, wai a raba wa mutanen da ambaliya ta kora a nan Accra kwanon rufi da siminti su koma gida. Kwano maganin iska ne. Ruwan da ke tumbatsa daga babbar kwatar Nima, ko wanda kogin Odaw ke turawa cikin unguwar Alajo, bai taɓa yaye rufin kowa ba. Ta ƙasa yake shiga, ya jiƙa tushe, ya rarake daɓe. Tsofaffin ɗakunan Zango da yawa ginin ƙasa ne aka shafe da siminti. Daga waje bango lafiya lau, amma ka ƙwanƙwasa shi wajen gwiwa ka ji yana amsawa kamar ganga. Ka ɗora masa sabon kwano, damina mai zuwa ya rushe da mutane a ciki.

Ga yadda aikin yake. Kafin a wanke bango, a shata inda ruwa ya tsaya, domin sabon daɓe sai ya haye wannan layin, ko a gina dakali a bakin ƙofa. A kankare fulastar da ta jiƙa, a bar bango ya bushe. Wanda ya yi gaggawar shafewa danshi ya rufe a ciki. A shimfiɗa leda mai kauri kafin a zuba daɓe. Buhun siminti mai kilo 50 kada ya wuce bulo 30. Masu buga bulo suna kai shi 45 ko fiye, shi ya sa kake murje gefen bulon da yatsa. A yi ta ba shi ruwa kwana 7 kafin a ɗora. Soket kuma a ɗaga shi sama da inda ruwa ya kai.

To, wa ma ake ba simintin? Mai gida. Gida ɗaya a Mamobi yana iya ɗaukar iyali 10 ko 15, kowa da ɗakinsa, yawancinsu sun biya hayar shekara 2, ko da yake dokar haya ta 1963 wata 6 ta yarda. In ba ɗaki-ɗaki aka rubuta sunaye ba, tare da limami da sarkin unguwa da wata uwa da ta san kowa, ɗan haya zai ƙare a ajin makaranta da tabarmarsa. Can ɗin ma akwai ƙa'idar masu agaji: murabba'in mita 3.5 da lita 15 na ruwa a rana ga kowane mutum, ban-ɗaki ɗaya ga mutum 20. Baƙonku ko ɗaya bai ambata ba. Tun 3 ga Yunin 2015, da muka rasa mutum fiye da 150 a ambaliya da gobarar gidan mai a Circle, tsakiyar Accra, bai kamata a ce har yau a nan muke ba.

Ku kawo birkila da jami'in NADMO, hukumar kula da bala'o'i ta Ghana, su zauna tare, mu yi musu tambayoyi.

Sannan don Allah ku gyara lokacin buɗe waya. Kullum sai an kira Magariba kuke cewa a bugo, wa zai bugo?

Mai sauraronku,
daga Mamobi