Barka da Kirsimeti Daga Nesa

Baba da Mama,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Barkanku da Kirsimeti. Ya ƙarfin jikin Baba? A gaishe mini da Yaya da iyalinsa, da Auta, duk da ta daina amsa mini saƙo.

Ni lafiya lau, sai sanyi. A watan Disamba a nan Ingila rana kan faɗi tun kafin ƙarfe 4 na yamma, ga shi aikin dare nake yi a gidan kula da tsofaffi, sai in kwana uku ban ga rana da idona ba. Yau ma akwai aiki. Na zaɓi in rubuta ne domin abin da ke raina ba zai faɗu a waya ba, da na ji muryar Mama kuka zai ƙwace mini.

Akwai abin da na ɓoye muku. Shekarata ta farko a nan, da ƙyar in na yi addu'a sau goma. Ba barin bangaskiya na yi ba. Ashe duk shekarun nan a inuwarku nake fakewa. Mama ta tashe mu, Baba ya buɗe Littafi Mai Tsarki, ni nawa in ce amin. Da na rasa mai tashe ni, sai na tarar ban iya buɗe baki gaban Allah ba. Labarinsa na sani sarai, amma shi kansa kamar maƙwabcin da ake ɗaga wa hannu daga nesa.

Wani dare wata tsohuwa da nake kula da ita ta cika, hannunta cikin nawa, ba ɗa ba jika a kusa. Na shiga ɗakin da ake ajiye zannuwan gado, na rufe ƙofa, na ce, "Ya Uba, na gaji." Iyakar addu'ar ke nan. Amma ita ce ta farko da ta fito daga cikina, ba hadda ba.

Baba, kun sha karanta mana labarin Yakubu a Farawa 28, ina jinsa kamar tatsuniyar tsani da mala'iku. Yanzu na ga ɗan ci-rani ne irina. Ya bar Biyer-sheba ya nufi Haran, dare ya yi masa a hanya, ya yi matashin kai da dutse. Da Allah ya yi masa magana, cewa ya yi shi ne Allah na Ibrahim da na Ishaku, wato na kakansa da na mahaifinsa. Sai da gari ya waye Yakubu ya yi wa'adi: in an kiyaye shi ya koma gida lafiya, Ubangiji zai zama Allahnsa. Har da ciniki a maganar, halin Yakubu ke nan, amma Allah bai kore shi ba. Shekara 20 ya yi a gidan kawunsa Laban kafin daren da ya yi kokawa da Allah a Feniyel. Ni da ban cika uku ba, na daina gaggawa.

Abin da nake yi ba wani mai yawa ba ne. In na dawo daga aiki, kafin in taɓa waya, ina karanta sura ɗaya. Na fara da Markus saboda sura 16 ce kawai. Daga nan na shiga Zabura, ta 88 kuwa ta ba ni mamaki: kuka ne daga farko har ƙarshe, a duhu ta ƙare, kuma an bar ta cikin Littafin. Tun ranar na daina yi wa Allah kwalliyar magana. In haushi nake ji, haushin nake kai masa. Bayan karatu sai in yi shiru na minti biyar, wannan ne mafi wuya, wani lokaci barci ne ke rufe taron. Akwai makonnin da ba na jin komai, amma ina zama.

Kuma ba daɗi kaɗai ke ciki ba. Ranar da na kai Matiyu 5, inda aka ce a bar baikon da aka kawo wa Allah a je a shirya da ɗan'uwa tukuna, dole na nemi gafarar wata abokiyar aiki da muka yi wata biyu ba ma gaisawa. Ban so ba.

Jiya a sujada aka karanta Luka 2. Da aka zo kan makiyayan da ke tsaron garkensu da dare, na yi dariya ni kaɗai: masu aikin dare aka fara kai wa albishir. Sunan nan Immanuwel, Allah tare da mu, bana na ji har da ni a cikin "mu" ɗin.

Mama, kada ku fasa yi mini addu'a don na ce na fara tawa. Zan kira da yamma kafin in fita, a sa Auta ta riƙe wayar kusa.

Taku 'yar,
mai kewarku