Kwamfuta ba boka ba ce, a daina sayar mana da hasashe

Malam Edita, assalamu alaikum.

Maganar da baƙonku ya yi a shirin wasanni na ranar Asabar, wai kwamfuta ta riga ta gama fitar da teburin ƙarshe na hokin ƙanƙara na jami'o'in Amurka, ta ba ni haushi. Tun a watan Janairu, alhali ba a gama wasannin ba? Haba!

Ku ɗauki gasar Big Ten, ɗaya daga cikin rukunonin gasar jami'o'in. Ƙungiyoyi 7 ne, kowace tana wasa 24. Wanda ya yi nasara cikin minti 60 yana da maki 3. In aka tashi kunnen doki sai a ƙara minti 5, 'yan wasa uku-uku, in abin ya ƙi ƙarewa a koma bugun daga kai sai mai tsaron raga. Mai nasara ya ɗauki 2, ɗayan ya tsira da 1. Ke nan kowane wasa hanya huɗu gare shi ta raba maki. Wasa 10 kacal suka rage? Hanyoyi 1,048,576 ke nan. Su kai 20, an haura tiriliyan ɗaya. Shi ya sa kwamfuta ba ta bin su ɗaya bayan ɗaya. Ƙarfin kowace ƙungiya take aunawa da ma'auni irin KRACH, ta yi ta jefa ƙuri'a sau dubbai, sannan ta ce wance tana iya ƙarewa ta biyu, ko ta biyar. Baƙonku ya tsinci lamba ɗaya ya karanta mana kamar hukuncin alƙali.

Ma'aunin ma da me aka gina shi? Da wasannin baya, waɗanda ba su taka kara sun karya ba. Bai san mai tsaron raga ya ji ciwo jiya ba. Bai san an kwashe gwanaye zuwa gasar matasa ta duniya a ƙarshen Disamba ba. A wani rukunin kuwa, Hockey East, mai ƙungiyoyi 11 da wasa 24, wasu abokan karawa sau biyu ake haɗuwa da su, wasu fiye da haka, nauyin bai zama ɗaya ba. Ga ƙa'idar raba gardama idan ƙungiyoyi uku suka yi daidai a maki. Nan ma masu rubuta manhaja suna iya yin tuntuɓe.

Sannan don Allah ku rage kiɗan da kuke sawa ƙarƙashin muryar mai karanta sakamako. Rabin lambobin ba ma jin su.

Naku,
Mai sauraro a kullum