A ba yara zaure su yi abin hannunsu

Salam Edita, don Allah ka ɗan ba ni fili. Tun lokacin da aka rufe makarantu a Zamfara a 2021 bayan sace ɗaliban Jangebe da na Maradun, na ga yadda zaman banza ke cinye ɗiyanmu, shi ya sa a layinmu muka buɗe musu wani zaure da ba kowa cikinsa, muka zuba karan dawa, yumɓu, kwali, gwangwanin madara da tsoffin batira. Ba malami ba bulala, su ke zaɓen abin da za su yi, babba guda dai na zaune a bakin ƙofa saboda tsaro. Wallahi har mota mai fitila sun ƙera, 'yan matan kuma suna saƙa da wasan kwaikwayo, ƙanana na koyo wajen yayyensu. Wani yaro da ko magana bai cika yi ba yanzu shi ke raba aiki, ranar da na gani sai da na yi ƙwalla.

Roƙona ga masu unguwanni da limamai, duk mai zauren da ya rufe ya ba da aro, ba sai mun jira gwamnati ba. Mu yanzu tabarmi da almakashi kawai muke nema.

Naka,
Wani mahaifi daga Tudun Wada, Gusau