Wasiƙa daga Kaduna a kan dabbobin roba na zamanin da

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Aminina, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ya iyali, ya ɗalibai, ya kuma zafin Sakkwato? Saƙonka ya iso tare da hotunan dabbobin robar da ka tara wa 'yan ajinka, na kuma duba su ɗaya bayan ɗaya. Ka tambayi dalilin da ya sa babban mai haƙoran nan ya daina tsayuwa da ƙafafunsa, da dalilin da ya sa wanda ka fesa wa fenti yake danƙo har yau. Duka biyun suna da magani. Amma bari in fara da abin da ba ka tambaya ba, don shi ya fi damuna.

Ka daina sayen duk abin da idonka ya faɗa a kai. A hotonka na ga ƙaramin dabba ya fi ƙato girma, kuma yaro abin da ya gani shi yake ɗauka gaskiya. Ka zaɓi ma'auni ɗaya ka tsaya a kansa. Masu tara irin waɗannan sun fi amfani da 1:35 ko 1:40, wato santimita ɗaya a jikin roba tana wakiltar santimita 35 ko 40 a jikin dabbar. Lissafin ba wuya: dabba mai tsawon mita 9, a ma'aunin 1:35, ka raba 900 gida 35, ka sami kusan santimita 26. Ka riƙa tafiya kasuwa da zaren awon tela a aljihu, ka bi lanƙwasar baya daga hanci zuwa ƙarshen wutsiya. Ka kuma yanka siffar mutum a kwali, tsayin santimita 5, ka tsayar a gefe. Ranar da yara suka ga mutum bai wuce cinyar dabbar ba, darasi ya shiga.

Bayan ma'auni, sai ƙasa. Kowa Tyrannosaurus na Amurka yake nema, alhali makwabtanmu na Nijar suna da dainoso, wato dabbobin nan da suka ƙare tun zamanin da, waɗanda duniya ta san da su. A Gadoufaoua, cikin hamadar Tenere a yankin Agadas, aka tono Ouranosaurus mai dogon doro, wanda Bafaranshe Philippe Taquet ya bayyana a 1976. Can ne kuma tawagar Paul Sereno ta Jami'ar Chicago ta samo Suchomimus, aka sa masa suna a 1998, sai Nigersaurus a 1999, mai faffaɗan baki da haƙora fiye da 500, wanda yake kiwo da kansa a ƙasa. Akwai ƙaton kadan nan Sarcosuchus a wuri guda. Duk sun rayu kimanin shekara miliyan 110 da suka wuce, don haka za ka iya jera su a kanta ɗaya ba ka yi wa tarihi ƙarya ba. Kai da kake Sakkwato ma kana da naka: Goronyosaurus, dabbar ruwa mai dogon baki da ta ci sunan Goronyo, daga lokacin da teku ya shimfiɗa a wannan yanki. Shi ba dainoso ba ne, dangin ƙadangaren teku ne. Haka mai fukafukan nan na hotonka, da Dimetrodon mai doro, wanda ya ƙare tun kafin dainoso na farko ya bayyana, su ma ba dainoso ba ne. Ka ware su gefe guda da takardar bayani.

Kamfanonin Safari Ltd da CollectA sun yi Nigersaurus da Suchomimus, PNSO na ƙasar Sin ma ya yi Suchomimus mai kyan gaske, sai dai kuɗin dala da na aikowa ba na malamin makaranta ba ne. A nan Kaduna wurin dubawa shi ne buhunan kayan wasan gwanjo, irin na Kasuwar Barci, inda jefi-jefi akan ci karo da Schleich na Jamus ko Papo na Faransa a cikin tarkace. Ka juya cikin dabbar: na asali yana da sunan kamfani a tambace, yana da nauyi a hannu, ɓawon fatarsa a fayyace. Na jabu yakan zo da kaifin layi a tsakiyar baya inda aka haɗa rabi biyu, zanen fatar ya dushe, wani lokaci har da warin mai. Kada ka raina na jabun, shi ne abin koyon yanka da fenti. Sai dai kada a bar shi a hannun yaron da yake kai abu baki.

Yanzu ga mai faɗuwa. Yawancin waɗannan dabbobi da robar PVC ake yin su, ita kuwa tana laushi da zafi. Mai ƙafa biyu duk nauyinsa a idon sawu yake, in ya kwana biyu a ɗakin kwano a watan Afrilu sai ƙafar ta riƙa lanƙwasa a hankali. Ka tafasa ruwa, ka sauke ya huta minti biyu, ka tsoma ƙafafun kaɗai na daƙiƙa 30 zuwa 60. Ka fitar, ka dasa shi a kan tebur yadda kake so ya tsaya, ka riƙe, sannan ka tsunduma ƙafafun cikin ruwan sanyi, in da ƙanƙara ya fi, na minti biyu. Zai tsaya. Amma a zafin garinku zai sake komawa, don haka gyara mai ɗorewa shi ne waya. Ka huda tafin ƙafar zuwa sama da siririn abin huda na milimita 1 ko 1.5, zurfin santimita 2 zuwa 3, ka tura waya mai ƙarfi da ɗigon sufa-gulu, ka bar santimita ɗaya a waje ta shiga ramin da ka huda a katako. Kada ka huda da jan ƙusa daga wuta: ramin yakan yi faɗi, hayaƙin PVC kuma yana da illa ga ƙirji.

Da wannan ruwan zafin za ka gyara kurakuran tsofaffin siffofi. Wutsiyar da take jan ƙasa ka ɗaga ta ta miƙe daidai da baya. Hannuwan masu cin nama da aka kifa ƙasa ka juya su tafukan su fuskanci juna, don ƙashin hannunsu bai ba su damar kifawa ba.

Danƙon fentin kuwa, gwangwanin feshin ne ya jawo. Ana sa wa PVC wani sinadari mai sa ta laushi, fentin mai da yawancin fentin feshi kuwa suna ɗauke da abin narkarwa da yake jawo wannan sinadari waje ya cakuɗe da fentin. Ko shekara ka jira ba zai bushe ba, shanya shi a rana ma ƙara lalata shi zai yi. Ka jiƙa tsumma da sifirit na kemis ka goge, ka bi lunguna da tsohon buroshin haƙori. In ya ƙi, ka ɗan taɓa da ruwan goge fentin farce, shafa ɗaya ka wanke nan take, don asiton ɗin da ke ciki yana cin zanen fatar ya bar ta sumul. Daga yau fentin akirilik kaɗai, mai narkewa a ruwa, wanda ɗaliban zane suke saya a ƙananan tuba.

Aikin da nake so ka gwada shi ne mai da tsohon Spinosaurus ɗinka ya zama Suchomimus. Naka irin na da ne, mai dogayen ƙafafun baya da siririyar wutsiya. Binciken da aka fitar a 2014 ya nuna ƙafafun bayan Spinosaurus gajeru ne, na 2020 kuma ya nuna wutsiyarsa faffaɗa ce. To a matsayin Spinosaurus ya tsufa, amma jikinsa ya yi daidai da ɗan uwansa na Nijar, wanda yake da dogon baki irin na kada, da dogayen ƙafafu, da doro gajere.

Ka fara wanke shi da sabulu da ruwan ɗumi, don akwai maiƙon masana'anta da na hannuwa da yake hana gam da fenti kamawa. Ka ja layi da biro a jikin doron: ya taso ƙasa-ƙasa daga kafaɗa, ya fi tsayi a kan ƙugu, ya sauka zuwa wutsiya. A siffa mai tsawon santimita 30, abin da za ka bari a ƙugu bai wuce santimita ɗaya ba. Ka tsoma doron a ruwan zafi kafin yanka, sai reza ta shige ba gardama, ka riƙa yanka kana nisantar da ita daga yatsunka. Ka bar ɗan rara a saman layi, ka cinye shi da samfefa mai lamba 240, ka bi da 400, da ruwa, don ƙurar kada ta tashi.

In cikin dabbar rami ne, yankan zai bar ɓaraka. Ka cusa takardar alminiyam da ka dunƙule, sannan ka rufe da ƙullin efoksi. Wanda masu wannan aiki suka fi sani shi ne Milliput: sanda biyu ne, ka yanki daidai wa daida, ka murza minti biyar har launin ya zama ɗaya ba zane-zane. In ka gajarta murzawa, wani wuri zai zauna da laushi har abada. Kana da kamar sa'a ɗaya ta aiki, a zafi ƙasa da haka, yakan kuma taurare cikin sa'a 3 zuwa 4. Ka jiƙa yatsa da ruwa kana lailaye shi. Irin wanda masu gyaran famfo suke toshe bututu da shi ma yana cike rami, amma cikin 'yan mintuna yake sandarewa, ba ya ba ka lokacin zane. Ƙananan tsaga kuwa, sufa-gulu da ɗan barbaɗin bekin soda sun isa, nan take suke zama dutse. Kada dai ka goge sufa-gulu da auduga, tana ɗaukar zafi har ta ƙona yatsa.

Ga dabarar da take ɓoye gyara. Kwana ɗaya kafin aikin, ka shafa man basilin kaɗan a cinyar dabbar inda ɓawon fata ya fi fitowa, ka danna ɗan ƙulli a kai, ka bari ya bushe, ka ɓamɓare. Ka sami hatimi mai ɗauke da zanen fatarta. In sabon ƙullin doron ya yi kamar minti 30, ya fara ƙarfi, sai ka jiƙa hatimin ka riƙa dannawa kana ɗan juya shi, don kada zanen ya jeru layi-layi. In ka danna da wuri zai manne ya ɗago ƙullin. Kada ka manta da farcen babban yatsan hannu, wanda ya fi sauran girma da lanƙwasa a Suchomimus: siririyar waya a ciki, ƙulli a kai, in ba haka ba faɗuwa ɗaya zai karye. Ka sake wanke shi da sabulu kafin fenti saboda basilin ɗin.

Fenti shafi-shafi ake yi. Na farko ruwan toka ne a ko'ina, shi yake tona duk inda samfefa ta tsallake. Kowane shafi ka sirka shi da ruwa ya yi kaurin madara. Uku masu sirantaka sun fi ɗaya mai kauri, wanda yake cike zanen fata. Bayan ainihin launi, ka haɗa ruwan ƙasa mai duhu kashi 1 da ruwa kashi 8, da ɗigon sabulun ruwa a bakin tsinke, ka malala a jiki ya kwanta a tsagogi. Ba sabulun, sai ya taru ɗigo-ɗigo ya bar tabo. In ya bushe, ka ɗebi launi mai haske a busasshen buroshi, ka goge a takarda har ya kusa ƙarewa, ka shafa sama-sama ya taɓa tudun ɓawon kaɗai. Ido da bakin tsinken sakace ake ɗiga shi. Da hunturu fentin yakan bushe a faranti kafin ka kai buroshi, sai ka shimfiɗa jiƙaƙƙen soso a murfin roba, ka ɗora takardar gashin burodi, ka zuba fentin a kanta.

Wajen zaɓen launi kana da 'yanci, amma ka yi koyi da masu rai. A 'yan dabbobin da masana suka gano launinsu daga burbushin fata da gashi, Psittacosaurus bayansa duhu ne cikinsa haske, Sinosauropteryx kuma wutsiyarsa zobe-zobe ce, ja-ja da fari. Ka zauna ka kalli damo, da kada, da jan gwada a jikin katanga, ka lura da yadda duhu yake sauka daga baya ya narke a ciki. Mai kamun kifi a bakin kogi ya fi dacewa da launin kada fiye da kore shar.

Ka jira sa'a 24, sannan banish na akirilik marar ƙyalli, shafi biyu. Mai ƙyalli a ido da cikin baki kawai. Kada ka yi shi ranar da ake ruwa, laimar damina tana sa shi ya yi fari-fari. Gindin zama kuwa, guntun katako daga kafinta, irin wanda ake samu a Panteka, a shafe shi da farin gam, a barbaɗa tankaɗaɗɗen yashi da jar ƙasa. Ciyawa kada ta shiga, irin shimfiɗaɗɗiyar ciyawar da muka sani ba ta mamaye ƙasa ba a zamanin; busassun saiwoyi da tsakuwa sun wadatar.

Ajiya a kabad mai gilashi, nesa da taga. Kada roba ta jingina da farin soson da ake sako talabijin a ciki, tana narkar da shi ya manne mata, haka ma katakon da aka shafa wa sabon banish. Ƙurar hunturu da buroshi mai laushi ake kaɗe ta, ba da jiƙaƙƙen tsumma ba. Batun hukuncin ajiye siffar mai rai da ka ce wani uba ya tayar, magana ce da ta cancanci a saurara. Malamai sun yi bayani a kan kayan wasan yara da na koyarwa, ka kai tambayar ga malamin da kuka amince da shi kafin ka jera su a aji.

In ka gama yankan doron, ka turo mini hotonsa ta gefe da ta sama kafin ka sa ƙulli, don a wannan matakin ne ake iya gyara layin. Zan ba direban Kawo ragowar Milliput da buroshi biyu, lamba 0 da lamba 4, in sanar da kai ranar da motar za ta taso. Ka gaida Baba da jiki, Allah ya ƙara sauƙi, ka gaida uwargida da yara.

Wassalam.

Naka,
amininka a Kaduna