Wasiƙa Zuwa Gida Bayan Ziyarar Gaɓar Tekun Sanriku

Sendai, Japan

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa tare da ladabi da biyayya, ina fatan wannan takarda za ta same ku lafiya, ku da Inna da dukkan mutanen gida. Ni ma ina nan ƙalau, aiki sai godiya. Saƙonku ta bakin Yaya game da filin gefen fadama da ake so a saya ya iso gare ni, kuma shi ya sa na zaɓi in zauna in rubuta muku labarin wata tafiya da na yi, maimakon in faɗe shi a gurguje ta waya.

A hutun farkon watan Mayu na tafi Sanriku, wato gaɓar tekun arewa maso gabashin ƙasar nan, inda igiyar ruwa ta tsunami ta afka wa bayan girgizar ƙasar ranar 11 ga Maris, 2011, mai ƙarfin maki 9. Kusan mutum 16,000 suka rasu, wasu kimanin 2,500 kuma har yau ba a ga ko gawarsu ba. Na shiga jirgin ƙasa zuwa Ichinoseki, daga nan zuwa garin Kesennuma, inda na koma motar bas, domin ruwa ya kwashe layin dogon da ke bin gaɓar, hukuma kuma ta shimfiɗa kwalta a kan wani sashensa.

Yankin yana da kyan gani ƙwarai. Duwatsu masu duhuwar itatuwa sun gangaro har cikin teku, ruwa ya kutsa tsakaninsu lungu-lungu, kuma a cikin waɗannan lunguna marasa igiya ake kiwon kawa da noman ciyawar teku a jikin igiyoyi da aka rataya. Sai dai lungun da ke ciyar da su shi ne ke halaka su, saboda idan babbar igiya ta shigo ta bakinsa mai faɗi ta tarar da ciki ya tsuke, ba ta da wurin zuwa sai sama. A Kesennuma, garin masunta, na haɗu da samari Musulmi 'yan Indonesiya masu aiki a jiragen kamun kifi, muka yi salla tare muna fuskantar yamma, gama nan alƙibla take. Ku gaya wa Inna kada ta damu da cimata: kifi da shinkafa na ci, kuma nakan tambaya kafin in taɓa romo, domin sukan zuba giyar shinkafa a girki.

A Rikuzentakata ne jikina ya yi sanyi. Dā akwai kurmin itatuwa kusan 70,000 a bakin teku, ruwa ya share su ya bar guda ɗaya tak, wanda shi ma gishiri ya kashe daga baya, aka gyara gangar jikinsa aka sake kafa shi don tunawa. Garin ya rasa fiye da mutum 1,700. A gidan tarihin da aka buɗe a 2019 an ajiye wata motar kashe gobara da ruwa ya murɗe, rufinta ya lotsa har kan kujerun, na daɗe tsaye a gabanta. Da suka tashi sake gina tsakiyar garin, sai suka sare dutse suka yi ciko, suka ɗaga ƙasar da kimanin mita 10.

Amma darasin da ya fi shiga raina a Taro na same shi, can arewa a yankin Miyako. Bayan ruwa ya cinye garin a 1896 da kuma 1933, mutanensa sun gina katangar kankare mai tsayin mita 10 da tsawon fiye da kilomita 2, wadda suke tinƙaho da ita kamar yadda Kanawan dā suke tinƙaho da badala. A 2011 ruwa ya haye ta. Akwai wani otal mai hawa shida da aka bari yadda yake: hawa biyun ƙasa babu bango ko ɗaya, sai ƙarafa tsirara da ake hango sararin sama ta tsakaninsu. Yanzu an ɗaga sabuwar katanga zuwa mita 14.7, har wasu mazauna suna ƙorafin cewa ta raba su da ganin teku, amma duk da haka gidaje da yawa an mayar da su kan tudu. A wani ƙaramin ƙauye da ke kusa, Aneyoshi, kakanni sun kafa dutse bayan 1933 suka rubuta gargaɗin kada a gina gida ƙasa da wurin. Jikokin sun bi, kuma ruwan 2011, duk da ya hau kusan mita 40 a wannan kwarin, bai kai gidajensu ba.

Baba, ba ni da abin da zan koya muku game da kogin Haɗeja, kun san shi tun ban zo duniya ba. Na san kuma ambaliyar kogi daban take da ta teku, kuma abin da Allah Ya ƙaddara babu mai hana shi. Amma kun ga abin da ruwa ya yi a Jigawa a daminar 2022, kun kuma ji na Maiduguri a 2024 lokacin da madatsar Alau ta ɓalle. Idan ƙasa mai arzikin Japan ta gina katanga ta ga ba ta isa ba har ta koma tudu, jingar buhunan yashi da ake cewa za a yi a bayan filin nan ba ta kwantar mini da hankali ba.

Saboda haka ina roƙo, idan kun amince, a dakata da biyan kuɗin, Yaya ya sake duba filin nan na kan tudu da Kawu ya taɓa ambata. Na san ya fi tsada kuma ya yi nisa da kasuwa, amma zan cika bambancin a kuɗin da zan aiko ƙarshen wata mai zuwa, in Allah Ya yarda. Hukunci dai naku ne, duk abin da kuka yanke zan bi.

A gaishe mini da Inna, da Kawu da iyalinsa, da ƙannena duka. Ina neman addu'arku.

Ɗanku mai biyayya.